Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya Kan Tsofaffin Koriya da Aka Raba da Danginsu

Ya ku masu girma wakilan ƙasashe goma sha biyar, masu kujerar dindindin da masu zaman shekara biyu, gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri.

Ni malamin makarantar sakandare ne a Katsina. Abin da ya ba ni bakin magana a kan Koriya shi ne shekara biyu da na yi ina karatu a Seoul, babban birnin Koriya ta Kudu, daga 2017 zuwa 2019, ina haya a ɗaki guda a gidan wata tsohuwa. Halmoni nake ce mata, wato kaka da harshensu, ita kuma ta kira ni haksaeng, ɗan makaranta, har na baro ƙasar ba ta sauya mini suna ba. Saboda ita nake rubuta muku wannan takarda, da ire-irenta da suka rage.

A Hamhung aka haife ta, wani birni can Koriya ta Arewa. Shekararta tara a watan Disamba na 1950, lokacin da sojojin Amurka ke janyewa ta tashar jiragen ruwa ta Hungnam bayan sojojin Chaina sun shigo yaƙin Koriya. Farar hula kusan dubu 100 suka bi su cikin jirage. Jirgin dakon kaya guda ɗaya, Meredith Victory, ya ɗebi mutum dubu 14 a tsaitsaye, har aka haifi jarirai biyar kafin ya kai tsibirin Geoje. Iyayen Moon Jae-in, wanda daga baya ya shugabanci Koriya ta Kudu, ta wannan tashar suka fito. Mahaifiyar Halmoni ta riƙo hannunta, ta goya jaririya, ta bar ƙaninta ɗan shekara huɗu wajen kakarsu saboda yana fama da zazzaɓi ga tsananin sanyi. Ta ce masa kwana uku za su yi su dawo. Duk wanda ya zauna da mutanen da suka baro Arewa sai ya ji irin wannan magana: kwana uku, mako guda, da zarar ƙura ta lafa. Uwar ta tsufa ta rasu a Kudu ba ta ƙara jin ɗuriyarsa ba.

A watan Agusta na 2018 aka shirya haɗa iyalan da aka raba a Dutsen Kumgang da ke Arewa. Masu jira da ke raye a Kudu a lokacin sun kusa dubu 57, mutum ɗari kuma ake nema, kwamfuta ke fitar da sunaye ta hanyar ƙuri'a. Nata bai fito ba, kamar yadda bai fito ba a duk zagayen da aka yi tun shekarar 2000. Tare muka kalli taron a talabijin. Aka nuno wata tsohuwa mai shekara 92 ta ƙanƙame ɗanta mai 71, wanda rabonta da shi tun yana ɗan shekara huɗu. Halmoni ba ta yi kuka ba. Matsawa ta yi daf da gilashin, tana bin fuskokin tsofaffin Arewa da yatsa ɗaya bayan ɗaya, ko za ta ga mai irin kunnen gidansu. Waɗanda suka dace an ba su kwana uku, sa'o'in ganawar gaba ɗaya kamar goma sha biyu, sannan aka zuba su a motoci, hannuwa na miƙe ta taga. Zagaye na 21 ke nan, daga shi kuma ba a sake yin wani ba.

Bayan wata guda aka yi Chuseok, bikin girbi da kowane ɗan Koriya ke komawa garinsu ya ziyarci kaburburan iyaye. Ta ce in raka ta Imjingak, a bakin kogin Imjin, inda waya mai ƙaya ta tare hanya. Akwai wani dandamalin dutse a wurin mai fuskantar Arewa, Mangbaedan, nan waɗanda ba su da garin komawa ke jera abinci su duƙa. Ta fito da 'yan dunƙulen shinkafa da ta kwana tana naɗewa, da busasshen kifi, da 'ya'yan itace. Ni Musulmi ne, wannan ba ibadata ba ce, sai na koma gefe riƙe da jakarta. Ta ajiye kwanon kakarta, ta ajiye na mahaifinta, sannan ta tsaya da kwano na uku a hannu ta daɗe. Ta waiwayo ta ce, "Haksaeng, ban san ko in sa masa ba. In ya mutu, shekara nawa ke nan na bar shi da yunwa. In kuwa yana raye, na yi masa mugun fata." Ta mai da kwanon cikin jaka.

Wannan kwanon nake so ku sa a gabanku. A wurinmu ma, wanda ba a tabbatar da mutuwarsa ba, ba a yi masa zaman makoki, ba a raba gadonsa nan take, matarsa ba ta san ranar da za ta shiga takaba ba. Mutum sama da dubu 130 suka yi rajistar neman danginsu a Kudu tun daga 1988. Fiye da kashi biyu cikin uku sun riga mu gidan gaskiya. Waɗanda suka rage ba su kai dubu 40 ba, akasarinsu sun haura tamanin, kowane wata kuma ana binne ɗaruruwa. Na Arewa da ke jira ta ɗaya gefen, su ba mai jin muryarsu ma.

Duniya kuwa wani abu dabam take gani. In aka ambaci Koriya ta Arewa a rediyo, makami mai linzami ne ya faɗa teku, ko faretin sojoji, ko hoton shugaba da matasa ke yi wa dariya a Facebook. In aka ambaci ta Kudu, wayar Samsung ce, da motocin Hyundai da Kia, da finafinan soyayya da ɗalibaina mata ke kwana kallo. Na taɓa tambayar aji guda ko sun san mutanen ƙasashen biyu harshe ɗaya suke yi, rubutu ɗaya, abinci ɗaya, sunayen dangi ɗaya. Yawancinsu sun ɗauka kamar Indiya ce da Chaina. Yara ne, ba na ganin laifinsu. Amma in na karanta jawabanku sai in ga kusan kallon da kuke yi ke nan: Arewa matsala ce da za a danne, Kudu kasuwa ce da sansanin soja.

Kuma ku ba 'yan kallo ba ne a wannan lamari. Koriya ta daɗe ƙasa ɗaya kafin Japan ta haɗiye ta a 1910. Da Japan ta sha kashi a watan Agusta na 1945, wasu hafsoshin Amurka biyu, Dean Rusk da Charles Bonesteel, suka buɗe taswira cikin dare suka zaɓi layi na 38 na taswirar duniya ya raba ƙasar gida biyu, don Seoul ta faɗo ɓangarensu, Tarayyar Sobiyet kuma ta amince. Ba a tambayi ɗan Koriya ko ɗaya ba. A 1948 kowane uban gida ya kafa gwamnatin da ta yi masa. Ranar 25 ga Yuni, 1950, Kim Il Sung, shugaban Arewa, ya tsallako da yaƙi da amincewar Stalin na Sobiyet, wannan laifi nasa ne, ba na rage masa komai. A wannan zauren naku aka zartar da ƙudurin tura sojoji, lokacin da wakilin Sobiyet ke ƙaurace wa zama saboda rikicin kujerar Chaina. Ƙasashe goma sha shida suka aika mayaƙa, har da Habasha da Afirka ta Kudu. Miliyoyi suka mutu. Jiragen Amurka suka mai da biranen Arewa toka, abin da har yau ake koya wa kowane yaro a can, wanda kuma mutanen waje ba su cika sani ba in suna mamakin tsoro da ƙiyayyar Pyongyang, fadar gwamnatin Arewa. Ranar 27 ga Yuli, 1953, aka sa hannu kan tsagaita wuta a Panmunjom, wani ƙauye a bakin iyaka. Syngman Rhee na Kudu ya ƙi sa hannu. Takardar ta ce a yi taron siyasa cikin wata uku, taron Geneva na 1954 ya watse ba a cim ma komai ba, yarjejeniyar zaman lafiya kuma har gobe babu ita. Tutarku mai launin shuɗi tana nan tana kaɗawa a bakin zirin nan da ya raba ƙasashen biyu, mai faɗin kilomita huɗu da tsawon kusan 250. Wanda tutarsa ke bakin ƙofa ba zai ce bai san abin da ke cikin gida ba.

Mu mun san ciwon layin da baƙo ya ja. Mahaifiyata 'yar Maraɗi ce, Turawan Ingila da na Faransa suka raba mu a taswira. Da aka rufe iyaka a 2023 bayan juyin mulkin Nijar, yayarta na kwance ba lafiya a can. Kullum dare muna kiran waya muna ganin fuskarta. Ranar da ta cika, kafin a yi mata wanka labari ya iso mu, 'yan'uwa suka bi ta daji a kan babur suka sami jana'iza. Watanni ne kawai, amma sai da duniya ta yi wa mahaifiyata ƙunci. A Koriya shekara saba'in da ɗoriya ke nan, ba wasiƙa, ba waya, ba hanyar daji, sai nakiyoyi a binne.

Babban mai riƙe da makullin ƙofar nan ita ce gwamnatin Pyongyang, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ta mai da ganawar tsofaffi hajar ciniki, in tana neman wani abu ta buɗe, in ta yi fushi ta rufe. Kwamitin bincike na Majalisarku ƙarƙashin Michael Kirby ya bayyana a 2014 irin abin da ke faruwa a sansanonin fursunonin siyasa. A watan Yuni na 2020 ta tarwatsa ofishin tuntuɓar juna na Kaesong, wani gari na Arewa daf da iyaka, da nakiya. A ƙarshen 2023 shugabanta Kim Jong Un ya ce daga yanzu Kudu ƙasar abokan gaba ce, ba batun haɗewa, aka rushe babbar ƙofar tunawa da haɗin kai da aka gina a Pyongyang zamanin mahaifinsa. A Oktoban 2024 aka fasa hanyoyin da suka haɗa ɓangarorin biyu. A Fabrairun 2025 Seoul ta sanar cewa Arewa na rushe ginin haɗa iyalai na Kumgang, bene mai hawa goma sha biyu da aka kammala a 2008. Ranar da na ji wannan labari na kasa shiga aji a kan lokaci.

Sai dai sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma wasunku sun daɗe suna jin daɗin tsagar. Amurka na da sojoji kusan 28,500 a Kudu. An ƙulla yarjejeniya da Arewa a 1994, sai George Bush ya zo a 2002 ya sa ta cikin jerin ƙasashen da ya kira shaiɗanu, komai ya wargaje. Aka yi tattaunawar ƙasashe shida daga 2003, ita ma ta mutu. Gaddafi ya miƙa shirinsa na nukiliya a 2003, a 2011 kowa ya ga ƙarshensa, sannan John Bolton, mai ba Trump shawara kan tsaro a lokacin, ya fito a 2018 yana cewa a bi da Koriya ta Arewa ta hanyar da aka bi da Libiya. Wanda ya ga gemun ɗan'uwansa ya kama wuta, ruwa zai shafa wa nasa, su kuma makaman nan ne ruwan da suka sani. Gwajin nukiliya shida suka yi tsakanin 2006 da 2017. Donald Trump ya gana da Kim a Singafo a Yunin 2018, suka rabu baram-baram a Hanoi a Fabrairun 2019. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, watanni biyar kafin Hanoi, Moon da Kim sun sa hannu a Pyongyang cewa za a buɗe wurin ganawa na dindindin, a fara ganawa ta bidiyo da musayar saƙonni. Kudu ta gyara ɗakunan bidiyo. Kayan aikin da za a kai Arewa sai da aka nemi izinin kwamitinku na takunkumi, kuka bayar a Maris na 2019, bayan gari ya riga ya waye. Ba a kunna kyamara ko ɗaya ba. Ciniki tsakanin Washington da Pyongyang ya lalace, tsofaffi suka biya.

Chaina na son Arewa ta zauna a matsayin katanga tsakaninta da sojojin Amurka, tana kuma kama waɗanda suka tsallako kogin Tumen da na Yalu ta mai da su, alhali ta san abin da ke jiransu. Rasha ta hau kujerar naƙi a Maris na 2024 ta kashe tawagar ƙwararrun da ke sa ido kan takunkumi, ta ƙulla yarjejeniyar tsaro da Pyongyang a watan Yuni, daga nan samarin Koriya suka je suna mutuwa a Kursk ta Rasha, a yaƙinta da Ukraine, yaƙin da ba na iyayensu ba. Ita ma Seoul tana da nata: gwamnati ta zo ta miƙa hannu, wata ta zo ta janye, yau lasifikar farfaganda a bakin iyaka, gobe a kashe ta, kamar yadda shugaban Kudu Lee Jae-myung ya yi a Yunin 2025. Matasan Kudu da na yi karatu da su, da yawansu maganar haɗewa tsoro take ba su saboda kuɗin da za ta ci. Ba na zarginsu, ba su taɓa ganin Hamhung ba. Amma hakan na nufin in tsofaffin nan suka ƙare, ba sauran mai buga ƙofa.

Ban zo in koya muku yadda za a kwance nukiliya ba, shekara talatin ƙwararrunku na kai. Roƙona shi ne ku ciro maganar iyalai daga cikin wannan ƙulli. Duk shekara Babban Taron Majalisa na ambaton iyalan da aka raba, amma a cikin ƙudurin Allah wadai da take haƙƙin ɗan'adam, wanda Pyongyang ke yin watsi da shi tun kafin ta karanta. Ku yi zama guda wanda ba a ambaci makami a cikinsa ba, ba a ambaci takunkumi ba, ba a ambaci haɗewa ba. Abu na farko da za a nema ƙarami ne: jerin sunaye, wane na raye, wane ya rasu, a wace shekara. Bayansa wasiƙa ta hannun Red Cross, ko da buɗaɗɗiya ce da jami'ai za su karanta. Bayansa bidiyo, tun da mai shekara casa'in ba zai iya hawan dutse a mota ba. Ku ba duk kayan da wannan aiki ke bukata izini na dindindin, kada a sake jiran zamanku. Amurka kuma ta ɗage wa tsofaffin 'yan asalin Koriya da ke ƙasarta haramcin tafiya Arewa da ta sa tun 2017, tun da majalisarta da kanta ta yi doka a 2022 kan haɗa waɗannan iyalai.

Za a ce Kim ya riga ya ce ba al'umma ɗaya ba ce. To, a karɓe shi a kan maganarsa. Ko ƙasashen da ke yaƙi da juna suna musayar labarin dangi, sashe na 26 na Yarjejeniyar Geneva ta huɗu ya wajabta sauƙaƙa wa iyalan da yaƙi ya tarwatsa neman juna, kuma Koriyoyin biyu duk sun sa hannu. Jamus ta Gabas, da katangarta da komai, ba ta hana wasiƙa ba, daga 1964 ma ta bar 'yan fansho suna ziyartar Yamma. A 1987 Taiwan ta ƙyale tsofaffin sojojinta su je babban yankin Chaina su ga iyayensu, Beijing ta karɓe su, gwamnatin kowa kuma ba ta faɗi ba. Ya wakilin Chaina, kun ga wannan da idonku, kuma yawancin cinikin Koriya ta Arewa ta hannunku yake bi. Ya wakilin Rasha, yau ba wanda Pyongyang ke saurare kamarku. Kalma ɗaya daga gare ku ta fi jawabi ɗari daga wasu.

Za a kuma ce ganawar Kumgang wasan kwaikwayo ce, jami'ai na tsaye a kai, 'yan Arewa na yabon shugaba dole. Haka ne, na gani. Na kuma ga yadda yabon ke tsayawa a maƙogwaro in uwa ta shafa fuskar ɗanta. Layin nan ya taɓa buɗewa. A 1998 Chung Ju-yung, wanda ya kafa Hyundai, ɗan ƙauye ne daga Arewa da ya gudu yana saurayi da kuɗin saniyar da mahaifinsa ya sayar, ya kora shanu 1,001 a manyan motoci ta Panmunjom, ɗayar biyan bashi, dubun kuma riba. Duk Bahaushe da Bafulatanin da ya ji wannan labari zai gane abin da dattijon ke nufi. A Kaesong ma'aikatan Arewa sama da dubu 50 sun yi aiki a masana'antun 'yan Kudu har zuwa 2016. A 1983 gidan talabijin na KBS a Kudu ya fara wani ɗan gajeren shiri na neman dangi, jama'a suka yi masa ca har ya kwana 138, aka haɗa iyalai sama da dubu 10, kuma duk wannan a cikin Kudu kaɗai.

Ku wakilan Afirka uku da ke zauren, da ku na fi yi. Ba ku da sansani a yankin, ba ku da tsohuwar gaba da kowa. Ƙasashenmu na hulɗa da ɓangarorin biyu: shugabanninmu sun je taron Koriya da Afirka a Yunin 2024, babban mutum-mutumin nan na Dakar kuma magina daga Pyongyang ne suka yi shi. In Amurka ta kawo maganar, Rasha za ta ƙi, in Rasha ta kawo, Amurka za ta yi zargi. Ku ne za ku iya ajiye ta a teburi ba a tambayi wa ya aiko ku ba, kuma kowannenku ya baro gida da iyakar da ta raba wa da ƙani.

Halmoni ta rasu a hunturun 2022, 'yarta ce ta aiko mini da saƙo. Kafin nan ta ba da samfurin jininta an adana, ta kuma ɗauki saƙon bidiyo irin wanda dubban tsofaffi suka ɗauka don ranar da za a sami hanyar aikawa. Na ga kwafinsa. Ta sa kayanta na biki, ta faɗi sunan unguwarsu, da rijiyar da ke bayan gida, da sunan kakarsu. Ta ce masa mama ba ta yi ƙarya da gangan ba, kullum tana cewa gobe. Ta ba shi haƙuri sau uku.

An haifi ƙanin nata a 1946. In yana raye, yana Hamhung ko kewayenta, yana da tabon ƙuna a bayan hannun hagu. Saƙon da ta bar masa yana ajiye a Seoul, bai fi minti goma ba. Ina roƙonku, don girman Allah, ku nema masa hanya.

Naku cikin girmamawa,
Wani malamin makaranta daga Katsina